Daga Maƙera Zuwa Gareji: Yadda Zaurukan Wunti Suka Koma Shaguna



Watannin baya ɗan ƙanena ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce, "Baffa, ina so in fasa zauren gidan Alhaji in mai da shi gareji." Mahaifinmu yake nufi, Allah ya jiƙansa. Yaron ya shekara shida yana koyon gyaran Keke Napep, maigidansa ya yaye shi, kuɗin hayar shago a bakin titi kuma ya fi ƙarfinsa. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce ya ba ni mako biyu. A cikin makon biyun nan na zauna da wasu dattawan unguwa, na haɗa abin da suka faɗa mini da abin da na gani da idona tun ina yaro, shi ne na ga ya kamata in rubuta, don ba gidanmu kaɗai maganar ta shafa ba.

Sana'a a ƙofar gida tsohuwar al'ada ce a garin nan. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, Ƙofar Wunti kuma tana cikin ƙofofin ganuwar. Sabon birni yana bukatar mai ƙera fartanya da linzami da takobi, da mai rini, da mai jima, da baduku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan sha'anin mulki, ya ja hankalinsa da ya kula da masu sana'a ya tabbata kowane gari yana da nasa. Haka baƙi suka yi ta shigowa daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Barno, kowa da abin hannunsa. Sunan unguwa irin Karofi kaɗai ya ishe ka shaida cewa marina a cikin gari take, tsakiyar gidajen mutane.

To amma ku lura da yadda mutanen da suke tsara abin. Madinki da baduku da mai sayar da yadi, waɗannan a zaure suke zama, don aikinsu ba wuta ba hayaƙi. Maƙeri kuwa ba ya kafa uwar maƙera a zauren da iyali ke bi su shiga gida. Rumfa yake yi daban, a gefe, buɗe ta ko'ina, gawayi da zugazugi a ƙasa, hayaƙi ya tashi ya tafi abinsa. Majema ana tura su can gefen gari saboda wari. Ba injiniya suka ɗauko ba, ba su da takardar zane. Sun dai san abin da wuta take yi wa azara da ciyawa.

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Bayansu ƙarfe mai taya ya fara shigowa: keke da farko, sannan manyan motoci masu bin hanyar Jos, inda ake haƙar kuza. Dattawan da na zauna da su sun ce mai gyaran keke shi ne bakanike na farko da unguwa ta sani. Kayan aikinsa duka akwati ɗaya ne: sifana, filaya, famfo, gam, da kwanon ruwan da ake tsoma tub a nemi inda ya huje. Da safe ya fito da su gindin bishiya, da magariba ya mayar zaure. Wanda ya mallaki Raleigh a lokacin, ai shi ne mai mota. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964, ya zo da mutanen da suka san inji, da yawa daga Kudu, wasu yaran gari kuma suka koya a hannunsu.

Babban sauyin a 1976 ya zo, lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta ƙirƙiro Jihar Bauchi. Garin da yake hedikwatar lardi ya wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka cika gari, ga bashin mota, ga Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna, ga Vespa da Honda a ƙarƙashin kowane malamin makaranta. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe kamfanin Steyr a nan Bauchi, haɗin guiwa da mutanen Ostiriya, ana haɗa manyan motoci da taraktoci. Ina yaro a lokacin, amma na tuna yadda ake kallon wanda ya samu aiki a can. Kamfanin ya horar da masu walda da masu fenti da masu haɗa inji ba kaɗan ba. Da al'amura suka ja baya a shekarun 1980, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kamfanoni suka rage mutane. Sai abu biyu suka haɗu: ga ƙwararru sun dawo gida ba albashi, ga tsofaffin motoci da 'yan Kwatano da kullum suke bukatar gyara. Mutum yana da sana'a a hannu, ba shi da kuɗin fili. Me ya rage masa? Zauren gidan ubansa.

A shekarun nan ne na ga zaurukan unguwarmu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A fasa bangon da ke kallon titi, a sa ƙyauren ƙarfe, a buɗe wa iyali wata 'yar ƙofa a gefe, shi ke nan an yi shago. Kusancinmu da Kasuwar Wunti ya ƙara wa abin ƙarfi, don duk inda mota ke sauke kaya, nan mai faci da mai rewaya da mai walda suke samun abinci. Ni ban ga laifin kowa ba. Da wannan aka ciyar da yara, aka yi musu aure, wasu har Makka. Abin da na gani dai shi ne an ɗauki aikin maƙeri an sa shi a ɗakin madinki.

Na ga sakamakon haka a layinmu, ina saurayi. Wani bawan Allah ya mai da zaurensa wurin walda irin ta gas, yana kuma ajiye galan na fetur a lungu saboda wahalar mai. Rufin azara ne, taga ɗaya ƙarama can sama. Wata rana da hantsi tartsatsi ya faɗa inda bai kamata ba. Mutane suka taho da bokitan ruwa, ruwan kuwa sai ya ɗauki fetur ɗin yana ci ya bi da shi ƙarƙashin ƙofa zuwa tsakar gida. Matan gidan ta katangar maƙwabta aka fitar da su, don hanyarsu ta fita ɗaya ce, ita ce kuma ke ci. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron shagon yana ɗauke da tabon a hannunsa har yau. Tun ranar na san wutar fetur yashi take so, ba ruwa ba.

Bayan motoci sai achaba ta zo ta cika gari, Jincheng da farko, daga baya Bajaj. Gyaran babur bai bukatar fili mai yawa, saboda haka shagunan ƙofar gida suka ƙara yawa. A 2020 gwamnatin jiha ta sanar da hana achaba, Keke Napep ya samu kasuwa, yaran da suka iya babur suka koma koyon keke. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu motoci da yawa suka jingine su, abin hawa ƙarami ya ƙara daraja. A wannan zangon ɗan ƙanena ya fito. Ga kuma aikin gadar sama a shataletalen Wunti, wanda ya tuna wa kowa cewa bakin titi na hukuma ne, ranar da ta bukace shi za ta karɓa.

Yanzu bari in sa hular limanci kaɗan, don ƙarar da ake kawo mini a kan shagunan nan ta fi ta gado yawa. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar nan tun kafin a ƙera mota. A Risala an hana mutum buɗe taga da za ta leƙa gidan maƙwabci, ko ƙofa daidai saitin ƙofarsa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi, ko da a cikin mulkinka ne. Muhtasar na Shaihu Halilu ya ƙara da hana hayaƙi da wari irin na majema. Abin da zai ba ku mamaki, ƙarar aiki irin ta masu bugun tufafi bai sa ta cikin abin da ake hanawa ba, sai dai masu sharhi sun ce idan bugun yana girgiza bangon maƙwabci, ko ya yi tsanani ya dawwama, to hukuncin ya sauya. Ka ga ke nan malaman ba su ƙi sana'a a cikin unguwa ba. Sun san talaka a ƙofar gidansa yake nema. Amma wanda ya kunna janareta ya juya bututun hayaƙin saitin tagar ɗakin tsohuwar maƙwabciyarsa, ba shi da hujja a littafi ko ɗaya. Hayaƙin nan yana kashe mutum yana barci, ba ya ko farkawa. Haka wanda ke zubar da baƙin mai a lambatu. Yawancin gidajenmu da rijiya, abin da ƙasa ta sha kuwa wata rana guga zai ɗebo shi.

Sai tare hanya. Wannan kam duk muna da laifi, har mu 'yan kasuwa masu baza kaya. Layin da a da jaki da kaya ke wucewa a sake, yau gawa ma sai an karkata makara saboda matattun kekuna uku da aka jingine tun bara.

Da mako biyu suka cika na kira yaron, na kira mahaifinsa, muka tsaya a zauren da tef a hannu. Na ce masa, "Na yarda, amma ba fasa bango ne farkon aiki ba." Farko muka je wurin maƙwabta biyu, na dama da na hagu, muka gaya musu, sannan mai unguwa. Na kuma sa shi ya je ofishin hukumar raya birane ya tambayi iyakar titi kafin a sa bulo ko ɗaya, don na ga mutanen da suka kashe kuɗin gini aka zo aka shafa musu jan fenti.

Zauren ƙafa 12 ne a faɗi, 18 a tsawo. Ya ishi keke biyu da teburin aiki, mota kam ba ta shiga a yi aiki a sake, na ce ya cire ta a ransa. Ƙofar da ta haɗa zauren da cikin gida muka toshe ta da bulo mai inci 9 har sama, aka fitar wa iyali ƙofarsu daban ta lungu. A nan muka fi yin gardama, don shi yana so ya riƙa leƙawa cikin gida ya ɗauko abinci. Na ba shi labarin matan da aka fitar ta katanga, ya yi shiru. Azara muka sauke, aka ɗaga bango aka yi rufin kwano mai tsayi, aka bar tazara a sama gaba da gefen lungu don iska ta ratsa, ba taga ko ɗaya a ɓangaren maƙwabci. Daɓen kankare ne, birkila ya ɗan karkata shi zuwa wani ƙaramin rami da aka shafe da siminti a kusurwa, inda mai zai taru a kwashe. Baƙin mai a durom yake zuwa, akwai masu saye. Ramin shiga ƙarƙashin mota da ya so a haƙa, na hana: keke ba ya bukatarsa, ga shi jikin bangon maƙwabci, ga yara.

Waya kuwa ban bar shi ya ja daga ɗakin mahaifiyarsa ba. An kira mai aikin lantarki ya ja masa layinsa daban da abin katse wuta nasa. Wurin cajin batir yana bakin ƙofa, nesa da inda ake walda, don batir in yana caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Fetur ba ya kwana a shagon. Bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara ɗaya suna rataye inda hannu zai kai. Ya yi ƙorafin kuɗin tukunyar, na ce ya ɗauka cikin abin da zan ba shi gudummawa.

Sharaɗi na ƙarshe ba na gini ba ne. Guduma ba ta tashi kafin ƙarfe 8 na safe, ba ta wuce magariba, kuma keken da ya kwana uku a waje mai shi ya zo ya ɗauka ko a tura shi ciki. Maƙwabcinmu na hagu, dattijo ne mai fama da hawan jini, shi ya ƙara nasa: ranar Juma'a a rufe daga hantsi har a sauko. Yaron ya ce, "Baba, na ji."

An buɗe shagon wata biyu ke nan, yana da yara biyu masu koyo. Tabarmar da Alhaji ke zama a kai yana karɓar baƙi tana ɗakina, na naɗe ta. Shekaranjiya na wuce na tarar da keke huɗu a waje, ɗaya har ya hau kan lambatu. Na tsaya ban ce komai ba. Ya ɗago kai daga ƙarƙashin inji ya ce, "Baffa, biyu yanzu za su tafi." Na ce zan biyo ta nan bayan isha'i.