Ga waɗanda aka ba wa Anatomi: daga ina kwas ɗin ya fito, ina kuma yake kai mutum?

Duk lokacin da admishan ya fito, sai na ji magana iri ɗaya a nan Dutsen Kura: yaro ya cike likitanci, jami'a ta ba shi Anatomi, gida kuwa har an fara kiransa "Dakta". To, kafin ka biya kuɗin rajista ko ka yi fushi ka zauna jiran JAMB ta baɗi, zauna mu ɗan bi tarihin kwas ɗin.

Anatomi shi ne Larabawa ke kira ilimin tashrihi, wato sanin yadda aka gina jikin mutum. A Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS), Herophilus ya riƙa buɗe gawar mutum don nazari. Bayansa aka daina. Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na 2, birai da aladu ya riƙa feɗewa, sannan ya kwatanta da mutum. Sama da shekara dubu likitoci suna haddace maganarsa har da kurakuran ciki.

Ɗaya daga kurakuran shi ne cewa jini yana ratsa wasu ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Wanda ya fara musa wannan malamin Musulunci ne, Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙ, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa sashen tashrihi na littafin Alƙanun na Ibnu Sina, ya bayyana cewa bangon ba shi da ƙofa: jini yana fita daga ɓangaren dama zuwa huhu, ya haɗu da iska, ya dawo ɓangaren hagu. An manta da aikin nan har sai 1924, da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya gano rubutun a ɗakin karatu a Balin.

A Turai kuma Vesalius, malami a jami'ar Fadua ta Italiya, ya sauko daga kujera ya riƙe wuƙa da hannunsa. Littafinsa na 1543 ya nuna cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinus ya koyar. Kun ga dai, duk wanda ya ciyar da ilimin nan gaba, mai bincike ne da ya ƙi yarda da hadda kawai.

Amma fa akwai duhu a tarihin. Ƙarancin gawa ya sa a Edinbara, a 1828, Burke da Hare suka kashe mutum 16 suka sayar wa malamin anatomi Robert Knox. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta yi dokar anatomi a 1832, wadda ta ba makarantu gawarwakin da ba a zo nema ba. Najeriya ta samu tata dokar a 1933, shekara uku bayan buɗe makarantar likitanci ta Yaba a 1930. Har yau yawancin gawarwakin da ake karatu da su a ƙasar nan irin waɗanda ba su da mai nema ne. Wanda za ka tarar a kan tebur ɗan wani ne, don haka babu wasa, babu ɗaukar hoto. Ga mai tambayar hukunci, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta buɗe gawa don koyarwa a 1987, da sharaɗin buƙata da kiyaye mutuncin mamaci.

Mu a Arewa mun shigo a makare. Kwalejin Ibadan ta fara a 1948, ABU Zariya ta buɗe a 1962, tsangayar likitancinta kuma sai 1967. Likitanmu na farko, Dakta Barau Dikko, sai da ya je Birmingham. Ko yanzu, ba a buɗe sabuwar makarantar likitanci ko ta jinya sai da malaman anatomi.

To ina kwas ɗin yake kai mutum? Gaskiya ɗaya ce: digirin Anatomi shekara huɗu ne, MBBS shida, kuma hukumar MDCN ba ta ba mai digirin Anatomi lasisin duba marar lafiya. Duk wanda ya ce maka "kusan ɗaya ne", yaudararka yake yi. Hanyar da ta fi faɗi ita ce koyarwa da bincike, kuma tana son digiri na biyu da na uku. Akwai aikin ɗakin gwaji na nazarin tsoka da ƙwayoyin halitta, akwai cibiyoyin dashen ciki masu neman masana halittar ɗan tayi, akwai binciken gano mamaci daga ƙasusuwansa, akwai adana gawa a mutuware, aikin da mutanenmu ke gudu alhali ana buƙatarsa. Kusan kowannensu sai ka ƙara horo. Wasu jami'o'i suna ɗaukar masu sakamako mai kyau su shiga likitanci daga aji biyu, amma gurbin kaɗan ne, kar ka jingina rayuwarka a kansa.

Shawarata: in farar riga da majinyaci kake so, sake zana JAMB ba abin kunya ba ne. In kuwa tambayar "yaya aka gina wannan?" ce take hana ka barci, karɓi kwas ɗin, ka riƙe makinka tun aji ɗaya, ka nemi malamin da ke bincike ka manne masa. Sannan don Allah ka zaunar da Baba da Mama ka faɗa musu ainihin abin da kake karantawa tun yanzu, kar su ji a ranar yaye ɗalibai.

Waɗanda suka gama Anatomi, ku faɗa mana inda kuke aiki yanzu, ƙannenmu su amfana. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.