Daga Darni Zuwa Bulo: Yadda Magabata Suka Zaɓi Shinge

Duk wanda Allah Ya hore wa fili ko gona, abin da yake fara tunani shi ne da me zai kewaye ta. Magabatanmu sun daɗe da amsa wannan tambaya, ta hanyar duba abubuwa biyu: me ƙasa take bayarwa, kuma wace ɓarna ake gudu?

A ƙasar Hausa, bayan kaka, manomi yakan tara karan dawa ya yi darni, ko ya kafa dirkoki ya ɗaura zana. Arha gare su, amma gara da damina ba sa barin su su yi ƙarko, sai an riƙa sabuntawa. Mai son abin da zai daɗe sai ya dasa aguwa ko dashi, shingen da yake tsira da kansa. Da irinsa ake kange burtali, domin shanu su wuce ba su taɓa amfanin gona ba. Katangar ƙasa kuwa ta mai hali ce, kuma babbarta ita ce ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar birnin a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta.

Da fatake da bayi da alhazai suka biyo hanyar Gat da Murzuk suka iso Fazzan, sai suka tarar babu karan dawa mai yawa, kuma yashi da iska ke tarawa ya fi dabba ɓarna. Mutanen nan rassan dabino suke kafawa, waɗanda ake kira jarid. Hikimarsa ita ce yana rage ƙarfin iska, yashi ya taru a gindinsa maimakon ya binne shuka.

Ko a Amurka haka abin yake. Inda daji ya wadata, tsaga itace suke yi su jera shi, aikin da Abraham Lincoln ya yi a ƙuruciyarsa. Da suka shiga filayen da babu itace, sai waya mai ƙaya ta karɓe wuri, bayan Joseph Glidden ya yi mata rajista a 1874.

Shari'a ma ba ta bar zancen ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. Ke nan wanda ya bar gonarsa a buɗe da rana ya raunana hujjarsa.

Yau bulo da waya sun mamaye Sabha, kuma bulo ba ya matsawa kamar darni. Kuskuren taku ɗaya a kan iyaka yana iya zama shari'ar jikoki. Kafin a haƙa tushe, a kira maƙwabci da dattawa biyu, a auna, a rubuta, kowa ya sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.