Ben Shelton: ɗan wasan tenis da ya taso daga jami'a

An haifi Ben Shelton ranar 9 ga Oktoba 2002 a birnin Atlanta na Amurka. Mahaifinsa Bryan tsohon ɗan wasan tenis ne, amma yaron ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa ya fara so. Sai wajen shekara 12 ya riƙe tenis da gaske. Bahago ne, kuma hannunsa akwai ƙarfi.

Lokacin da tsararrakinsa ke yawon gasar matasa a ƙasashen waje, babansa ya ce a'a, ya fara fin na gida tukuna. A 2020 ya shiga Jami'ar Florida, inda uban ke horar da ƴan wasa. A 2021 nasararsa ce ta ba jami'ar kofin ƙasa na maza, na farko a tarihinta. A 2022 kuma ya ci kofin ɗaiɗaiku na jami'o'in Amurka.

A watan Agusta 2022 ya doke Casper Ruud a Cincinnati, sannan ya shiga sahun ƙwararru. Tafiyarsa Ostiraliya ita ce fitarsa ta farko daga Amurka, kuma a Janairu 2023 ya kai zagayen ƴan takwas a babbar gasar ƙasar.