Hadda da Bincike: Darasi daga Tarihin Nok da Sunayen Al'ummun Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Tun da wayar hannu ta shigar da intanet cikin aljihun ɗalibi, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa tsakanin malamai, wato ko akwai sauran amfani a tilasta wa yaro haddace shekaru da sunaye, alhali yana iya nemo su cikin ƙiftawar ido. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihin karatu a Kafanchan da kewayenta, domin a wannan yanki an gwada hanyoyin biyu, kowacce kuma ta nuna iyakarta.

2.0 Asalin Hadda a Yankin

Kafanchan ta bunƙasa ne albarkacin jirgin ƙasa. A 1927 ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal da reshen da ya nufi Jos, sannan a 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin. A makarantun allo na Hausawa da Fulanin masarautar, almajiri yakan biya karatu, ya yi tishi, ba ya wanke allo sai abin ya zauna a ka. A ɗaya ɓangaren kuma, mishan ɗin SIM ya sauka Kwoi a 1910, daga baya ya kafa makarantar Baibul a Kagoro. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, haddar ayoyi ta zama ginshiƙin karatun 'yan Tyap da Jju da Hyam, cikin harshen da ba nasu ba. Ɓangarorin biyu sun bambanta a aƙida, amma dalili ɗaya ya haɗa su: littafi ya yi ƙaranci, saboda haka ƙirjin ɗalibi shi ne ɗakin karatunsa. Makarantar boko ta gaji wannan ɗabi'a, sai dai ta mai da ita guzurin jarrabawa kawai.

3.0 Shekarun Nok

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham. A 1943 aka sake tono wani kan a wajajen Jama'a, wanda aka ce wani akawu ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ne ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya kuma raɗa wa al'adar sunan Nok. Daga ayyukansa ne littattafan makaranta suka ɗauki ƙiyasin da ɗalibai suka yi shekara da shekaru suna rerawa, cewa al'adar Nok ta wanzu daga 500 kafin Miladiyya zuwa 200 Miladiyya.

To, amma ƙasa ba ta gama ba da labarinta ba. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, sun fara haƙa a yankin a 2005. Gwaje-gwajensu sun mayar da farkon al'adar zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya, sun nuna cewa mutum-mutumin sun fara bayyana ne wajen 900 kafin Miladiyya, kuma al'adar ta shuɗe daf da farkon Miladiyya. Ke nan wanda ya ci jarrabawa da tsohuwar amsa yana riƙe da abin da bincike ya wuce da shekara dubu cur. Laifin ba na Fagg ba ne, shi ƙiyasi ya bayar gwargwadon hujjar zamaninsa. Laifin na koyarwar da ta ba yaro lamba ne ba tare da ta gaya masa wanda ya ƙiyasta ta ba, da kuma yadda aka yi.

4.0 Suna Mabuɗin Nema

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa bincike na iya tsayawa ba hadda, kuma a nan ne masanin harshe yake da ta cewa. Al'ummun wannan yanki suna da suna bibbiyu: wanda suke kiran kansu da shi, da wanda Hausawa suka laƙaba musu, Turawa kuma suka rubuta. Atyap su ne Katab ko Kataf, Bajju su ne Kaje, Ham su ne Jaba, Agworok su ne Kagoro, Fantswam kuma su ne Kafanchan. Ɗalibin da ya shiga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, yana neman Bajju cikin rubuce-rubucen zamanin Turawa, zai iya fitowa hannu rabbana, domin a can Kaje aka rubuta. Haka abin yake a littafin C. K. Meek na 1931 da na Harold Gunn na 1956. Mun sha ganin ɗalibi ya dawo yana rantsuwa ba a taɓa rubuta komai kan mutanensa ba, alhali littafin yana kan kanta, sunan da zai nema da shi ne bai sani ba.

Intanet ba ta kawar da wannan matsala ba, wata ma ta ƙaro. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare su ne suka fi sauƙin samuwa kyauta. Alal misali, littafin A. J. N. Tremearne na 1912, The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wanda tun daga sunansa ya siffanta mutanen Kagoro da maƙwabtansu da masu wutsiya, mafarautan kawuna, kowa na iya sauke shi a wayarsa. Nazarin Yusufu Turaki na 1993 kan gadon mulkin mallaka kuwa ya fi wuyar samu. Yaron da bai riƙe a kansa cewa Tremearne jami'in mulkin mallaka ne, kuma ya yi rubutunsa ne a zamanin da ake murƙushe waɗannan al'ummu da bindiga, zai kwafe cin mutuncin kakanninsa ya miƙa wa malami a matsayin bincike. A yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, irin wannan kwafe ba ƙaramin ganganci ba ne.

Abin da muke gwadawa a aji shi ne, a sa ɗalibi ya haddace tagwayen sunayen nan har su zauna daram, sannan a ba shi shekarun Nok iri biyu, a ce ya gano inda kowanne ya fito. Tun 2022 akwai Wikipedia da harshen Tyap, don haka mukan ƙara masa da aikin kwatanta abin da ya karanta a can da abin da Meek ya rubuta, ya kuma kai duka biyun gaban wani dattijo a ƙauyensu ya ji ta bakinsa.