L'Eroica: hawan keke a hanyoyin burji na Italiya

L'Eroica taron mahaya keke ne da ake yi duk shekara a farkon watan Oktoba a garin Gaiole, lardin Siyena, ƙasar Italiya. Giancarlo Brocci ne ya assasa shi a 1997, domin kada kwalta ta cinye fararen hanyoyin burji na karkarar. Mahayan suna hawa da gangara kan tuddai, suna ratsa gonakin inabi da zaitun da tsofaffin garuruwa kamar Montalcino. Hanya mafi tsawo ta haura kilomita 200. Sharaɗin shiga shi ne keke irin na da, ƙirar 1987 ko kafin nan. Wannan taro ne ya haifar da tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007.