Ninka jimloli masu gaɓa biyu a aljebra

A aljebra, jimla mai gaɓa biyu ita ce irin x + 3. Wajen ninka irinta biyu, kowace gaɓa ta jimlar farko takan ninka kowace gaɓa ta biyun, sannan a haɗa masu kama da juna:

(x + 2)(x + 3) = x² + 3x + 2x + 6 = x² + 5x + 6

Idan sakamakon ya yi daidai da 12, sai a cire 12 daga kowane ɓangare: x² + 5x − 6 = 0. A mayar da shi baka biyu: (x + 6)(x − 1) = 0. Dole ɗayansu ya zama sifili, ke nan x = 1 ko x = −6.

Sunan aljebra ya samo asali daga littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. A Najeriya, darasin yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.