Zumuntar Cin Amana: Ƙungiyar Abokan Jamus a Ingila, 1935 zuwa 1939

Masu iya magana kan ce zumunta a ƙafa take, kuma babu mai hankalin da zai ƙi ganin al'ummu biyu suna ziyartar juna. Sai dai tarihi ya nuna mana cewa azzalumar gwamnati takan ari rigar zumunta ta aika da ita ƙasashen waje domin a wanke mata suna. A wannan maƙala za mu dubi misali guda, wato Ƙungiyar Zumuntar Ingila da Jamus, wadda ta yi tashe a Landan a zamanin Hitila.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1935, shekara biyu bayan Hitila ya hau mulki. Jigon kafa ta shi ne Ernest Tennant, wani ɗan kasuwa aminin Ribbentrop, mutumin da Hitila ya naɗa jakada a Landan a 1936. Shugabancinta kuwa aka damƙa wa Lord Mount Temple, tsohon ministan sufuri. Tana da takwara a Balin wadda ke karɓar baƙinta. Ba ta nemi taron jama'a ba, manya ta nema: 'yan majalisa da masu sarauta da tsofaffin hafsoshi da shugabannin bankuna. Har kamfanoni sun yi rajista da sunansu, cikinsu da Unilever, wadda a wancan zamani ita ce uwar kamfanin UAC mai sayen gyaɗa a Kano.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan mutane ba 'yan Nazi ba ne. Wasu tsoron yaƙi ne ya kai su, domin Birtaniya ta yi asarar sojoji fiye da 700,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu suna ganin yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ƙware Jamus. Wasu kasuwa suke karewa, wasu kuma suna ɗaukar Hitila a matsayin garkuwa daga kwaminisanci. Wannan shi ne amfaninsu ga Balin, domin maganar dattijon da ba a zarginsa da komai ta fi ta ɗan farfaganda shiga kunne.

Aikin ƙungiyar bai wuce liyafa da ziyara ba. A Landan takan shirya cin abincin dare a manyan otal, inda jami'an Jamus ke jawabi a kan zaman lafiya. A Jamus kuma akan kai 'ya'yanta taron shekara-shekara na jam'iyyar Nazi a Nurambag, a nuna musu sababbin hanyoyi da matasa cikin sahu. Baƙo ko da ido makaho ne. Ba a tsara ziyarar don su ji kukan kowa ba, alhali tun 1933 aka buɗe sansanin tsare 'yan adawa na Dachau, a 1935 kuma aka kafa dokokin da suka raba Yahudawa da cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa. In baƙin sun komo gida sai su rubuta wa jaridu cewa sun gani da idonsu, a yi wa Jamus uzuri. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Ba za mu ce ƙungiyar ce ta tsara manufar lallashin Hitila ba, domin wannan aikin gwamnati ne. Amma ta taimaka wajen sanyaya zukatan masu faɗa a ji, ta yadda shigar sojan Jamus yankin Rayin a Maris na 1936 da yarjejeniyar Munik ta Satumban 1938, wadda ta yanke wani sashe na Cekoslobakiya, suka zama abin karɓa ga mutane da yawa.

Asiri ya fara tonuwa a daren 9 ga Nuwamban 1938, lokacin da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa, aka farfasa shagunansu, aka kuma tura maza kimanin 30,000 sansanoni. Lord Mount Temple, wanda matarsa ta fari 'yar wani attajiri ce mai asalin Yahudanci, ya ajiye shugabanci. Da Hitila ya mamaye Furag a Maris na 1939, sai hujjar zaman lafiya ta rushe, yaƙin da ya ɓarke a Satumba kuma ya binne ƙungiyar. Wata mai kama da ita, wadda Admiral Barry Domvile ya kafa a 1937, ta fi ta zaƙewa, har aka tsare shugaban nata a 1940. A Amurka kuwa, tun 1938 majalisa ta kafa dokar da ta tilasta wa duk mai yi wa wata ƙasa kamun ƙafa ya yi rajista, kuma dokar tana aiki har yau.

Yaƙin da liyafar ta kasa hanawa bai bar mu ba, domin dubban kakanninmu an ɗebe su soja zuwa Habasha da Bama, wasunsu ba su dawo ba. Saboda haka muna da haƙƙin yin tambaya duk lokacin da muka ga an kafa ƙungiyar zumunta da wata gwamnati. Wa ke biyan kuɗin jirgi da masauki? Wa ke zaɓen wuraren da baƙi za su gani? Ko 'ya'yanta na iya ambaton sunan fursunan siyasa guda a gaban mai masaukinsu, a kuma sake gayyatarsu baɗi? Idan ba za su iya ba, to zumuntarsu da fadar mai mulki take, mutanen ƙasar kuwa ba su da rabo a cikinta.